Ruwan Rogo da Ɓawonsa: Dafin da Ake Cirewa daga Abinci a Zuba wa Ƙasa

Nijeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, domin alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna nuna cewa abin da manomanta suke tonowa a shekara ya kai kimanin tan miliyan 60, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk rogon da ake nomawa a doron ƙasa. Mafi yawansa yana fitowa ne daga jihohin kudu da na tsakiyar ƙasar, irin su Binuwai da Kogi da Taraba da Kuros Riba da Oyo da Ogun da Edo da Delta, kuma kusan dukkansa a cikin gida ake cinye shi, a matsayin garin kwaki ko alabo ko fufu ko sitaci. Rogo kuwa ba ya jiran mai shi, domin da zarar an tono shi, cikin kwana biyu zuwa uku zai fara baƙi daga ciki ya lalace, saboda haka tilas a sarrafa shi cikin gaggawa, kuma kusa da gonar da aka haƙo shi. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na nauyin ɗanyen rogo ruwa ne, shi ya sa sai an sarrafa tan huɗu zuwa biyar na ɗanye kafin a cika buhunan garin kwaki tan ɗaya. Daga cikin sauran tan uku ko huɗun, wani ɓangare yana tashi sama a matsayin tururi a kan kaskon suya, ragowar kuwa, wato ɓawo da farin ruwan matsa, a nan ake barinsa a bayan rumfar aiki, a cikin kwata, a gefen rafi, ko a kan jujin da ke maƙwabtaka da gidajen mutane.

Fahimtar illar wannan shara tana buƙatar a san halittar rogon kansa. Asalin shukar daga Kudancin Amurka take, Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16, kuma yaɗuwar dabarar yin garin kwaki a ƙasar Yarabawa da maƙwabtanta tana da alaƙa da 'yantattun bayin da suka komo daga Brazil a ƙarni na 19, waɗanda suka zo da ilimin gurzawa da matsewa da toyawa. Rogo yana kare kansa daga ƙwari da dabbobi da wani sinadari da ake kira linamarin, wanda yake zaune lafiya a cikin ƙwayoyin saiwa da ganye muddin ba a taɓa su ba, amma da zarar an gurza ko an tauna, sai ya haɗu da wani sinadari mai aikin tsinkawa, irin wanda masana ke kira inzayim, daga haɗuwar nan kuma a samu sayanaid, dafin da yake hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin ko da huhu ya cika da ita. Yawan dafin ya bambanta daga iri zuwa iri. Rogon da aka sani a ƙasar Hausa, wanda ake dafawa a ci da ƙuli-ƙuli da yaji, shi ne mai zaƙi, wanda dafinsa bai kai miligiram 50 a kowane kilo ba, kuma mafi yawansa a ɓawo yake, alhali rogo mai ɗaci yakan wuce miligiram 100, wani lokaci ya ninka haka sau da dama, kuma dafin yana cikin tsokar baki ɗaya. Manoma da yawa sun fi son mai ɗacin saboda ɓarna ta dabbobi da ta ɓarayi ba ta cika kai masa ba, don haka shi ne yake yawan shiga wuraren yin gari.

Aikin garin kwaki, idan aka dube shi mataki-mataki, aikin fitar da dafi ne tun daga farko har ƙarshe. Mata suna zaune a kan kujeru 'yan tsugunne kewaye da tulin rogo suna feraye shi da wuƙa, ɓawon yana taruwa a gefen ƙafafunsu, sannan a wanke, a kai wa mai injin gurza, a ɗura markaɗen a buhuna a ɗaure bakinsu. Buhunan nan ake jerawa tsakanin katakai biyu a danne su da jak ɗin mota, ko da manyan duwatsu a inda babu jak, a bar su kwana biyu zuwa huɗu suna tsami suna tsiyaya, wani farin ruwa mai kauri kamar tsinkakken koko yana fita ta ramukan buhu yana bin ƙasa. Bayan nan a warware dunƙulen, a tankaɗe da rariya, a toya a babban kasko a kan wutar itace, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Kowane mataki yana rage dafin: matsa tana fitar da wanda ya narke a ruwa, tsami yana ba sinadaran lokacin tsinkewa, zafi kuma yana korar abin da ya rage, tun da iskar sayanaid tana tashi ne daga zafin da bai wuce maki 26 a ma'aunin Salshiyas ba.

Babu mai hankalin da zai ba da shawarar a taƙaita wannan aiki, domin an ga abin da taƙaita shi yake haifarwa. A shekarar 1938 wani likita ɗan Italiya mai suna Giovanni Trolli ya bayyana wata cuta a ƙasar Kwango da ake kira konzo, wadda take shanye ƙafafun yara da mata farat ɗaya ba tare da warkewa ba, daga baya aka tabbatar cewa tana kama mutanen da yunwa ko yaƙi suka tilasta wa cin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba, a lokacin da ba su da nama ko wake da zai taimaki jiki ya narkar da dafin. A Nijeriya ma, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi fice tun a shekarun 1960 da bincikensa kan wata cutar jijiyoyi mai sa tangaɗi a tafiya da raunin gani da na ji a tsakanin mutanen yankin Ijebu da Epe da suka dogara da rogo a abincinsu na kullum. Haka kuma sinadarin da jiki ke mayar da sayanaid zuwa gare shi yana tare wa aidin hanya, wanda hakan yana ƙara yawan maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci. Saboda irin waɗannan dalilai ne ma'aunin abinci na duniya ya ƙayyade cewa kada sayanaid ya wuce miligiram 10 a kilo ɗaya na garin rogo. Matan da suke matsa da suya, ko da ba su taɓa jin wannan adadi ba, su ne suke cika shi a aikace, kuma miliyoyin mutane suna cin teba su kwana lafiya saboda ƙwarewarsu.

Sai dai dafin da aka cire daga abinci ba ya ɓacewa nan take. An ƙiyasta cewa tan ɗaya na gurzajjen rogo yana fitar da ruwan matsa lita 250 zuwa 300, wanda ke nufin cewa wurin da yake sarrafa tan biyar a yini, kuma irinsa ba babba ba ne, yana zubar da abin da zai cika jarkoki masu cin lita 25 guda 50 zuwa 60 a kowace rana, mako bayan mako, a kan fegi ɗaya na ƙasa. Duk wanda ya zauna a ƙauyen da ake wannan sana'a ya san cewa ba a barin akuya ko tunkiya ta kusanci bakin matsa, domin idan ta sha ruwan ɗanye za ta fara layi, numfashi ya gagare ta, ta faɗi ta mutu kafin a nemo wuƙa, kuma rigingimu da yawa tsakanin maƙwabta daga nan suke tasowa. Kifi ya fi dabbobin tudu rauni a gaban sayanaid nesa ba kusa ba, ɗan ƙanƙanin abin da bai kai miligiram ɗaya a lita ba ya ishe shi ajali, shi ya sa ƙoramar da kwatar rogo take faɗawa cikinta takan wayi gari ba kifi ba ƙaguwa.

Duk da haka, sayanaid ba shi ne mafi daɗewar illolin ruwan rogo ba, domin rana da iska da ƙwayoyin bakteriya suna cinye shi cikin 'yan kwanaki idan ruwan yana shimfiɗe a fili. Abin da ya fi nauyi shi ne sitaci da sukari da sauran abubuwa masu ruɓewa da ruwan yake ɗauke da su. Masana suna auna ƙazantar ruwa da yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya za su buƙata kafin su gama cinye abin da ke cikinsa, kuma a wannan ma'auni ruwan kwatar gidaje yakan tsaya ne a miligiram ɗaruruwa kaɗan a lita, na matsar rogo kuwa dubbai yake kaiwa, wani lokaci dubbai goma-goma. Ma'anar wannan ita ce bokiti ɗaya na ruwan rogo yana iya shanye iskar ruwan rafi fiye da bokiti gommai na ruwan wanke-wanke da bayan gida. Idan iskar ta ƙare, sai wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatarta su karɓi aikin ruɓarwa, su ne kuma suke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da take tarar matafiyi tun kafin ya hango rumfunan suya. Ruwan yana da tsami sosai, ma'aunin tsaminsa yakan sauka zuwa wajen huɗu, alhali ruwa mai daɗi bakwai yake, don haka ƙasar da ta daɗe tana shansa takan yi baƙi ta yi santsi, ciyawa ta ƙone, tana da sauran ƙananan halittun da ke raya ƙasa su ƙaura ko su mutu. Da damina kuma ruwan sama yana kwashe wannan kwantacciyar ƙazanta ya kai ta rafi, ko ta tsotse ta gangara cikin rijiyoyin da ba su da zurfi, waɗanda su ne ruwan shan yawancin ƙauyuka. Ɗalibin fiƙihu ya san tun daga littattafan farko cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita ba a alwala da shi, ruwan rafin da ke ƙasa da wurin matsar rogo kuwa yakan jirkita ta dukkan fuskokin uku.

Masu yin fufu da alabo suna da tasu hanyar, ta jiƙa rogo kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi, kuma a wurare da yawa a cikin rafin da ake ɗiban ruwan sha ake jiƙon, ko a cikin durom a zubar da ruwan a bayan gida.

Ɓawo shi ne sharar da ido ya fi gani. Yakan kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin saiwa, har ya wuce haka idan da hannu aka feraye cikin sauri, domin wuƙa tana tafiya da tsoka mai yawa, kuma masu bincike na cibiyar nazarin dabbobi ta duniya, wato ILRI, sun ƙiyasta cewa abin da ake zubarwa a Nijeriya na ɓawo da ƙananan saiwoyi ya kai tan miliyan 14 zuwa 15 a shekara. Da rani ana iya shanya wani ɓangare a kan duwatsu ko a gefen kwalta a sayar wa masu kiwo, amma da damina, lokacin da aikin ya fi yawa, ɓawon ba ya bushewa, sai ya yi tudu ya ruɓe, ya tara ƙudaje da ɓeraye, baƙin ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashinsa, idan ya ishi mutane kuma a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi. A kan wannan hayaƙi akwai na murhun suya, inda mace takan shafe awa shida ko takwas a sunkuye bisa kasko, hayaƙin itace yana shiga idonta, tururin da ke ɗauke da ragowar sayanaid yana shiga ƙirjinta, sau da yawa da goyo a bayanta. Ciwon kai da jiri da tari da zafin ido da masu wannan aiki suke kuka da su ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san abin da ke tashi daga kaskon, kuma abin takaici ne yadda ake lissafa su a matsayin wahalar sana'a kawai, alhali buɗaɗɗiyar rumfa da murhu mai bututun fitar da hayaƙi za su rage su ƙwarai.

Wannan al'amari ya shafi mai karatu a Kano da Sakkwato da Maraɗi fiye da yadda zai yi zato, domin manyan motocin da suke sauke buhunan garin kwaki da alabo a kasuwar Dawanau da sauran kasuwannin arewa daga waɗannan ƙauyuka suke tasowa, kuma ɗanwaken da ake ci da safe, da tuwon alabo, da jiƙaƙƙen garin da ɗalibin makarantar kwana yake kashe yunwa da shi, duk sun bar ruwansu da ɓawonsu a can. Kuɗin da ake biya a kan kwanon gari ya ƙunshi ladan manomi da na mai inji da na direba da ribar ɗan kasuwa, amma babu ko kwabo a cikinsa na gyaran rijiyar da ta lalace ko na akuyar da ta mutu. Masana tattalin arziki suna da suna ga irin wannan asara, wato asarar da mai saye da mai sayarwa suka haifar amma wani na gefe yake ɗauka, kuma a nan na gefen shi ne mafi talaucin duk waɗanda suke cikin harkar. Noman rogo kuma yana ƙara matsowa arewa saboda juriyarsa ga fari da rashin taki, saboda haka matsalar da ake gani kamar ta nesa ce tana kan hanya.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Bayan da aka gano gubar masana'antu da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekarar, aka yi dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli a 1992, sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma nauyin kare ruwa da iska da ƙasa, sannan aka kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin masana'antun abinci da abin sha a 2009. Matsalar ita ce duk waɗannan an tsara su ne da hoton masana'anta mai katanga da ƙofa da bututu ɗaya da jami'i zai iya zuwa ya ɗebi ruwa a kwalba ya kai ɗakin gwaji, alhali sharar rogo tana fitowa ne daga dubban rumfuna warwatse a ƙauyuka da bayan gari, waɗanda ba su da rajista, ba su da akanta, kuma jarinsu bai wuce kuɗin mota ɗaya ta rogo ba. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin kwashe shara da kula da magudanai, su ne kuma suke da duba-gari, amma abin da aka fi sanin su da shi a wuraren sana'a shi ne karɓar haraji. Idan ƙorafi ya yi yawa, abin da aka saba yi shi ne a rufe wurin ko a ci tara, matan su kwashe buhunansu su koma wani lungu da ya fi nisa daga idon hukuma, wanda galibi ya fi kusa da rafi. Rufewa ba ta rage ko lita ɗaya ta ruwan matsa, domin buƙatar gari tana nan yadda take, wuri kawai ƙazantar take canzawa.

Abin da ya sa wannan sakaci ya fi ciwo shi ne cewa sharar rogo tana cikin mafi sauƙin sharar da za a iya magancewa. Mutanen Kano sun san abin da ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya yi wa kogunansu, amma sinadarin kuromiyam da ke cikin ruwan jima ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, yana nan a cikin laka shekara da shekaru. Na rogo kuwa daga tsiro ya fito, kuma duk abin da ke cikinsa yana narkewa idan aka ba shi wuri da lokaci. Matakin farko bai wuce a yi daɓen siminti a ƙarƙashin matsa ba, da 'yar kwata da za ta kai ruwan cikin baho ko tanki, a bar shi ya kwanta na wasu awoyi, sai farin sitaci ya taru a gindi, wanda ake wankewa a shanya a sayar wa masu wanki da guga da masu rini, kuma wasu mata masu lura sun daɗe suna yin haka da robobin wanka. Ruwan da ya rage a sama a tura shi jerin ramuka biyu ko uku marasa zurfi da aka daɓe da yumɓu ko aka shimfiɗa musu leda mai kauri, nesa da rijiya kuma a kewaye saboda yara da dabbobi, inda rana za ta kori sayanaid, toka ko farar ƙasa su kashe tsamin, ƙwayoyin bakteriya kuma su cinye sauran. Abin da ya fito daga ramin ƙarshe yana da sinadarin fotash mai yawa, wanda shi ne abincin da rogo ya fi zuƙa daga gona, don haka idan aka sirka shi da ruwa aka mayar wa gonar, an biya ta wani ɓangare na bashinta.

A Brazil, inda shukar ta samo asali, ruwan matsar rogo yana da sunansa, manipueira, kuma cibiyoyin binciken gona na ƙasar sun daɗe suna koyar da yadda ake ajiye shi na wasu kwanaki a sirka a yi taki da shi ko a yaƙi tsutsar saiwa. A jihar Pará kuwa, a bakin kogin Amazon, ana barin ruwan rogo mai ɗaci ya kwanta ya yi tsami, a tafasa shi tsawon lokaci har dafin ya fita, ya zama wani romo mai launin rawaya da ake kira tukupi, wanda ake dafa agwagwa da shi a bikin shekara na birnin Belém, ana kuma sayar da shi a kwalabe a kasuwa. Tailan, wadda ita ce kan gaba wajen fitar da sitacin rogo zuwa kasuwannin duniya, ta sha fama da warin manyan kududdufan masana'antunta, har zuwa farkon shekarun 2000 lokacin da masana'antun suka fara rufe ruwan a cikin tankuna da lulluɓaɓɓun tafkuna suna tara iskar gas da ruɓewa take fitarwa, suna ƙona ta wajen busar da sitaci a madadin baƙin mai, wasu har suna samar da wutar lantarki. Masu masana'antun sun rungumi tsarin ne saboda ya rage musu kuɗin mai, kuma wannan shi ne darasin da ya fi amfani ga Nijeriya, domin ƙaramin rumbun gas da ake ciyarwa da ruwan matsa da kashin shanu zai iya ɗaukar wani ɓangare na wutar suya, ya rage itacen da ake saye da hayaƙin da ake shaƙa.

Ta fuskar ɓawo ma an riga an yi nisa a cikin gida. Wajen shekarar 2015 masu bincike na ILRI da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa tun 1967, suka nuna cewa idan aka gurza ɗanyen ɓawo da injin da ake gurza rogo, aka matse shi a buhu kamar yadda ake yi wa gari, aka tankaɗe, to shanyar da take cin kwana uku za ta koma ta awa shida zuwa takwas, ko a toya shi a kasko idan babu rana, dafinsa ya sauka zuwa matakin da ba ya cutarwa. Tan uku na ɗanyen ɓawo yana ba da kimanin tan ɗaya na busasshen gari, mai laushin a zuba a abincin kaji da kifi a madadin wani kaso na masara, mai tsakin kuma a ba shanu da tumaki da awaki. Kyawun dabarar shi ne ba ta buƙatar wani inji da babu shi a wurin, kuma hannun da ya iya garin kwaki ya riga ya iya ta. A nan ne maslahar arewa da ta kudu suka haɗu, domin dabbobin ƙasar mafi yawa a arewa suke, ƙarancin abincinsu da rani yana cikin abubuwan da ke tura makiyaya kudu su yi ta karo da manoma, masu kiwon kaji kuma suna gogayya da mutane a kan masara ɗaya. Motar da ta kai shanu Legas ko Fatakwal tana iya komowa da garin ɓawo, kuma mai turken ragunan layya da ya saba sayen dusa da kowa da harawa zai karɓe shi hannu biyu idan ya tabbatar da tsabtarsa da rahusarsa. Wajibi ne dai a tuna cewa matsar ɓawon ita ma tana fitar da nata ruwan, wanda dole ya bi ta ramukan da aka ambata.

Za a iya cewa duk wannan magana ce mai daɗi a takarda, amma macen da take cin bashin rogo da safe ta biya da yamma ba ta da kuɗin siminti, kuma ba za ta gina tanki a filin da take haya wanda za a iya tashinta daga kansa gobe ba. Wannan hujja gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa nauyin farko yake kan hukuma. Abin da ake buƙata daga ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha shi ne fili tabbatacce da aka keɓe wa ƙungiyar masu sana'ar, mai ruwan famfo ko rijiyar burtsatse, da daɓe da tankin kwantar da sitaci da ramukan tacewa da aka gina tun farko, sannan a bar wa ƙungiyar kula da wurin daga kuɗin da take tarawa a kan kowane buhu, tare da abin da sitaci da garin ɓawo suke kawowa. Tara masu aiki wuri ɗaya yana da nasa haɗarin, domin rumfuna hamsin a fili ɗaya ba tare da wurin tace ruwa ba sun fi rumfuna hamsin warwatse ɓarna, kuma an sha ganin cibiyoyin sarrafa rogo da aka buɗe da biki, da injuna sababbi fil, ba tare da an tanadi inda ruwan zai bi ba. Ma'aunin nagartar irin wannan cibiya ya kamata ya fara daga ƙarshen kwatarta, kuma duba-gari ya koma mai koyarwa da aunawa, yana zuwa da takardar gwajin tsami a aljihu, ba da rasit kaɗai ba.

Gaggawar lamarin tana ƙaruwa ne saboda manufar gwamnatocin Nijeriya, tun daga shirin shugaban ƙasa kan rogo da Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a 2002, da umarnin sanya kashi 10 cikin ɗari na garin rogo a fulawar burodi, da tsarin man tsirrai na 2007 da ya ambaci rogo cikin amfanin da za a tatsi itanol daga gare shi, har zuwa yunƙurin Akinwumi Adesina lokacin da yake ministan gona daga 2011 zuwa 2015, duk ta karkata ne ga mayar da rogo kayan masana'antu. Buri ne mai kyau ga ƙasar da take kashe kuɗin waje wajen sayo alkama da sitaci, amma masana'antar sitaci tana amfani da dubban litocin ruwa a kan kowane tan da ta fitar, ta itanol kuma tana barin kusan lita 10 ko fiye na baƙin ruwa mai tsami a kan kowace lita ɗaya da ta tace, wato abin da ƙauye guda yake zubarwa a wata, babbar masana'anta tana iya zubar da shi a yini. Waɗannan su ne suke da katanga da bututu da akanta, su ne dokokin 1992 da 2009 suka dace da su sarai, kuma su ne suke zuwa neman rancen bankunan raya masana'antu da na gona da sassaucin haraji. Bai kamata a saki kason ƙarshe na irin wannan rance ba sai jami'in muhalli ya ga tankin tacewa yana aiki, ya ɗebi ruwan rafin da ke sama da masana'antar da na ƙasa da ita ya auna, an kuma liƙa sakamakon a ƙofar fadar dagacin garin, inda masu ɗiban ruwan za su iya sa a karanta musu.